Bana zan karɓi lisans, me ya kamata in iya a kwamfuta kafin in shiga neman aiki?

Habiba_22

Assalamu alaikum. Ina shekara ta uku a fannin tattalin arziki da gudanarwa a wata jami'a a nan arewacin Kamaru, in Allah ya yarda bana zan karɓi lisans, wato digirin farko. Duk sanarwar ɗaukar aiki ko ta sitaj (koyon aiki a ma'aikata) da na gani, daga ta bankuna har ta ƙungiyoyin agaji, sai an rubuta cewa dole mai nema ya iya kwamfuta. Mu kuwa darasin kwamfuta a allo muka yi shi a shekarar farko: tarihinta, sunayen sassanta, lissafin 0 da 1. Ban da buga takarda a Word ba abin da na iya. Tambayoyina uku ne. A kan me ake gwada mutum ranar gwaji? Sai na biya kuɗi a cibiyar horo na karɓi takardar shaida, ko zan iya koya da kaina? Sannan kwamfutar da ke hannuna PB HEV ce, irin wadda gwamnati ta raba wa ɗalibai, da yayana ya bar min, za ta isa?

Malam Sani, akanta, Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ga mai irin karatunki, Excel ne ke raba gardama. Yawanci za a zaunar da ke gaban kwamfutar ofis, a ba ki jerin kayan da aka sayar ko na albashi, a ce ki fitar da jimla, ki lissafa haraji, ki ware na kowane wata, ki buga a takarda ɗaya. Ba mai tambayarki wa ya ƙirƙiro kwamfuta.

Abu na farko da ke kayar da ɗalibanmu shi ne harshen Excel ɗin. A yawancin ofisoshin Garwa, Marwa da Ngaundere na Faransanci ne, alhali darussan YouTube da aka fi samu na Turanci ne, kamar yadda kwamfutocin hannu na biyu da ke shigowa daga Nijeriya suke da Turanci. A na Faransanci sunan umarnin SOMME ne, SI, NB.SI, SOMME.SI, RECHERCHEV. A na Turanci SUM ne, IF, COUNTIF, SUMIF, VLOOKUP. Kuma ba sunan kaɗai ba: a tsarin Faransanci ana raba sassan umarni da alamar waƙafi mai ɗigo (;), sannan waƙafi ne ke nuna ɓangaren lamba, wato 19,25, yayin da a na Turanci waƙafi ke raba sassa, ɗigo ke nuna ɓangaren lamba. Ki kwafo umarnin Turanci ki zuba a na Faransanci, ko dai ya ƙi karɓa ko ya rubuto miki #NOM? Fayil ɗin da aka riga aka gama shi ba ya da wannan matsalar, yana juya sunayen da kansa idan an buɗe shi a ɗaya harshen. Wajen rubutawa da hannu ne ake faɗuwa. Don haka ki koyi na Faransanci tukuna, ki ajiye jerin sunayen Turancin a gefe, tunda ƙasar harsuna biyu ce kuma ba ki san inda za a tura ki ba.

Ga aikin da zan ba ki. Ki buɗe shafi, ki yi ginshiƙai: kwanan wata, lambar kaya, yawa, farashin ɗaya, jimla kafin haraji, TVA (harajin VAT), jimla da haraji. Ki cika layi kamar 60 da kayan kowane shago da kika sani. TVA a Kamaru kashi 19,25 ne cikin ɗari. Kada ki rubuta wannan adadin a kowane layi. Ki sa shi da alamar % a gida ɗaya, misali J1, sannan a ginshiƙin haraji ki rubuta =E2*$J$1 ki ja shi ƙasa. Alamar $ ɗin nan ita ke ɗaure gidan (maɓallin F4 na sa ta). In babu ita, layi na biyu zai koma J2, na uku J3, gidajen da babu komai, sai harajin ya yi ta fitowa sifili.

Akwai kuskuren da masu digiri ke yi har gobe. An ba ki kuɗin da haraji ke ciki, sefa 119 250, an ce ki fitar da asalin farashi. Mutum sai ya cire kashi 19,25 daga ciki ya samu 96 294. Ba haka ba ne. Rabawa ake yi da 1,1925, a samu 100 000 cif.

RECHERCHEV kuma ki zauna da shi har ya zauna miki. Ki yi shafi na biyu mai suna Farashi, lambar kaya a ginshiƙin farko, suna a na biyu, farashi a na uku. Sai ki rubuta =RECHERCHEV(B2;Farashi!$A$2:$C$200;3;FAUX). Kalmar FAUX ta ƙarshe ita ke cewa a nemo daidai wannan lambar. In kin bar ta, zai kawo miki farashin wani kaya na kusa da shi ba tare da ya yi ƙorafi ba, kuma wannan ya fi kuskuren da ake gani muni. In ya rubuto #N/A alhali lambar tana nan, kusan kullum abu biyu ne: ko akwai ɓoyayyen fili a bayan lambar, wanda SUPPRESPACE ke cirewa, ko a shafi ɗaya lamba ce a ɗayan kuma rubutu ce. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: lamba ta gaskiya tana jingina dama a gidanta, wadda Excel ya ɗauka rubutu ce tana jingina hagu, kuma SOMME yana tsallake ta shiru. Za ki ji ana yabon RECHERCHEX, ya fi sauƙi kam, amma sai a Excel 2021 zuwa sama ko Microsoft 365 yake, ofisoshi da yawa kuwa tsofaffi suke amfani da su.

Bayan wannan sai tacewa da jerawa, da tableau croisé dynamique da ke ƙarƙashin Insertion, wanda zai fitar miki da cinikin kowane wata cikin minti ɗaya. Wajen jerawa ki kula ki zaɓi teburin gaba ɗaya. In kika jera ginshiƙi ɗaya kaɗai, sunan Audu zai haɗu da albashin Bala. Kwanan wata ma yana da nasa tarkon: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka 4 ga Maris ne. In kuma kin ga 45658 a inda kike sa ran kwanan wata, ba lalacewa ya yi ba, 1 ga Janairun 2025 ne, ki canza tsarin gidan kawai.

Manhajar lissafin kuɗi irin Sage za a koya miki a wurin aiki, in dai kin san tsarin asusun SYSCOHADA da aka yi wa gyara ya fara aiki a 2018. Excel ne ba wanda zai tsaya ya koya miki.

Hajiya Ladi, Ngaundere

Malam Sani ya yi bayani, sai dai ina ganin ya yi gaba da yawa. 'Yata, kafin ki kai teburin gwajin Excel sai takardunki sun fara wucewa, kuma da yawa a nan ake zubar da su.

Ki fara da adireshin imel. Ki buɗe sabo da sunanki na gaskiya, ba sunan da ƙawaye ke kiranki da shi ba. Layin Objet kada ya tafi babu komai: sunan gurbin aikin da lambar sanarwar, in akwai. Cikin saƙon gaisuwa, jimla uku, sunanki da lambar waya. CV da wasiƙar neman aiki su tafi a PDF, don fayil ɗin Word yakan watse idan an buɗe shi a wata kwamfuta. Ki ba fayil ɗin suna irin CV_Habiba_2025, ba Document1 ba, don mai karɓa yana da ɗari masu wannan sunan. Takardun shaida kada ki ɗauke su hoto a kan tabarma da inuwar hannunki a kai. Manhajar Google Drive ta waya tana da wurin sikanin, tana daidaita gefuna ta haɗa shafuka a PDF ɗaya. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, wasu shafukan neman aiki kuma abin da suke karɓa ya yi ƙasa da haka nesa, don haka ki koyi rage nauyin fayil. Ki kuma san bambancin À, Cc da Cci. Sabon ma'aikaci ya tura saƙo ga mutum 40 ya jera adireshinsu a fili, ko ya danna amsa wa kowa da maganar da ta shafi mutum ɗaya, ba a mantawa da shi da wuri.

Kin ce kin iya Word. Ki gwada kanki da wannan: ki buɗe takardar da kika buga, ki danna alamar ¶ da ke sama. In kin ga ɗigo-ɗigo jere saboda da maɓallin fili kika tura rubutu tsakiya, ko alamun ¶ goma a jere saboda da Entrée kika sauka sabon shafi, to da saura. Sabon shafi Ctrl da Entrée ne. Kanun babi kuma ba ƙara musu girma ake yi da hannu ba, ana sa musu Titre 1, ƙananan kanu Titre 2, sai ki je Références ki saka jerin abubuwan ciki, ya fito da lambobin shafi da kansa. Rahoton sitaj ɗinki shi ne filin koyon wannan, tunda dole ki rubuta shi. A nan za ki koyi saut de section, wanda ke ba ki damar sa lambobin Romawa a shafukan gabatarwa da lambobin yau da kullum a sauran. Girman takarda ya zama A4. Word ɗin da aka saita da tsarin Amurka yana zuwa da Letter, shi ya sa wani lokaci ƙasan shafi ke gutsurewa wajen bugawa. Mai son ta burge kuma ta koyi publipostage: wasiƙa ɗaya, jerin sunaye a Excel, wasiƙu 200 su fito kowacce da sunan mai ita.

Sai yatsu. Allon rubutun ofis AZERTY ne, lambobin sama sai da Maj (Shift), alamar @ kuma AltGr da maɓallin 0. Wanda ya saba da QWERTY yakan rasa A, Q, Z, W da M, har kalmar sirrinsa ta ƙi shiga a gaban mai gwaji. Maɓallin Windows da na fili tare suna sauya tsarin. Minti 20 kullum na atisayen bugu ba tare da kallon yatsu ba, cikin wata biyu za ki ga bambanci.

Injiniya Bello, mai gyaran kwamfuta, Marwa

Malama Habiba, zancen na'urar. PB HEV ɗin nan da gwamnati ta sanar a 2016, guda 500 000 don ɗaliban jami'o'i, rumbunta GB 32 ne, RAM kuma GB 2. Windows kaɗai ya cinye mafi yawan rumbun. Za ta yi miki atisayen bugu, Word, da teburin layi 60 na Malam Sani. Ki buɗe shafukan intanet biyar tare da Excel kuwa, sai ta tsaya. Ki sa mata katin ajiya ki riƙa zuba fayilolinki a can, ki bar mata rumbun ta yi numfashi.

In hali ya samu, ta hannu na biyu mai Core i5, RAM GB 8 da SSD GB 256 ta wadatar. SSD ɗin ya fi komai muhimmanci, ya fi sabon fenti. Kafin ki biya, ki buɗe Bloc-notes ki danna kowane maɓalli, ki gwada kowace kafar USB, ki shiga BIOS ki tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Batir kuma kada ki yarda da bakin mai sayarwa. Ki buɗe cmd ki rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage. In ya sauka ƙasa da rabi, ki sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. Ki tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, don Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Abin da ke kashe kwamfuta a nan uku ne: zafi, ƙura da wuta. A Maris da Afrilu zafin Marwa na wuce digiri 40, mutum kuma ya ɗora ta a kan katifa ya toshe mata iska. Ƙurar hunturu tana cika fanka, a riƙa busa ta duk shekara. Wuta kuwa, duk mun san yadda take idan ruwan madatsar Lagdo, mai samar mana da lantarki, ya ja baya. Ba ɗaukewar ke ƙona caja ba, dawowar ce, don haka ki zare idan an ɗauke. Ctrl da S ya zama miki ɗabi'a, sannan a Options, ƙarƙashin Enregistrement, ki rage lokacin ajiyar kai-tsaye daga minti 10 zuwa 3.

Kile USB (filas) da ta shiga shagon buga takardu ki ɗauka ta dawo da ƙwayar cuta. Wadda aka fi gani ita ce mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya. Kada ki danna su, kada kuma ki goge kilen, fayilolin suna nan. Ki bar Windows Defender ya bincika ta, sannan a cmd ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (E ɗin ki canza shi da harafin da kilen ta samu). Mafi sauƙi ki tura wa mai shagon PDF ta WhatsApp ko imel. Rahotonki ya zauna a wuri uku: kwamfuta, kile, da Google Drive da ke ba da GB 15 kyauta. In kina jona kwamfutar da datar waya, ki shiga saitin Wi-Fi ki kunna connexion limitée, in ba haka ba Windows zai shanye datar wata guda wajen sabunta kansa.

Office ɗin sata da ake zuba wa mutane a kasuwa, shi kansa hanyar cuta ne. LibreOffice kyauta ne, yana da Faransanci, kuma RECHERCHEV da SOMME.SI duk suna aiki a cikinsa. Wurin maɓallan ne ya bambanta, don haka kafin ranar gwaji ki samu sa'o'i a kan Excel na gaske.

Habiba_22

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura maganar cibiyar horon, ba wanda ya taɓo ta. Kuma Malam Sani, idan aikin ƙungiyar agaji ne, shi ma Excel ɗin ne?

Yaya Musa, jami'in tattara bayanai, Marwa

Ƙanwata, bari in amsa duka biyun. Takardar cibiya tana da amfani ɗaya: wurin da sanarwa ta nemi shaida a cikin takardu. Ban da nan, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin a gaban na'ura ake yinsa. In za ki biya, ki je ki leƙa ajin tukuna. Ki ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ki ƙirga ɗalibai. Mutum uku a na'ura ɗaya, ɗaya ne ke koyo. Ki tambaya me suke yi idan an ɗauke wuta, ki nemi ganin jarrabawar ƙarshe ta waɗanda suka gama. In babu RECHERCHEV, babu tableau croisé, babu publipostage a cikinta, wata uku za ki yi kina canza launin rubutu. Ni a ganina mai kwamfuta a gida da abokin karatu ɗaya mai naci ba ya buƙatar cibiya. Wanda ba shi da na'ura ne ke buƙatarta, don na'urar yake haya, ba malamin ba. Ki kuma yi rajista a ofishin FNE, hukumar samar da ayyukan yi, na garinku, ki riƙa bibiyar sanarwarsu.

Ƙungiyoyin da ke aiki a Arewa Mai Nisa, daga sansanin Minawao kusa da Mokolo har Logone da Chari, Excel suke so su ma, amma da ƙarin abu ɗaya: KoboToolbox ko ODK. Da su ake cike tambayoyin bincike a wayar Android, ko babu intanet, a tura idan an dawo inda akwai. Ki buɗe asusun Kobo kyauta, ki gina fom mai tambaya 15, ki sa KoboCollect a waya, ki cike shi da mutanen gidanku, ki sauke sakamakon a Excel ki tace. Wanda ya yi wannan zagayen sau ɗaya ya wuce yawancin masu neman gurbin mai tattara bayanai. Mataki na gaba shi ne rubuta fom ɗin a Excel, abin da ake kira XLSForm: shafin survey mai ginshiƙan type, name da label, da shafin choices na amsoshin zaɓi. Abin da ke hana fom hawa galibi sunan tambaya ne, an sa masa fili ko harafi mai alama a ka, ko an maimaita suna ɗaya sau biyu. Ki koyi constraint, misali . >= 0 and . <= 120 a tambayar shekaru, don kada a kawo miki mai shekara 450, da relevant, don kada a tambayi namiji watan cikinsa. In kin sauke CSV kin ga komai ya cunkushe a ginshiƙi ɗaya, rikicin waƙafi da waƙafi mai ɗigo (;) ɗin nan ne da Malam Sani ya faɗa. Données, sannan Convertir, ki zaɓi alamar da ta raba su.

Jerin sunayen masu karɓar tallafi amana ne. Ba a tura shi a zauren WhatsApp, ba a barinsa a kwamfutar shagon intanet, kuma ana korar mutum a kan haka. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinki. Sanarwar da ta ce ki tura kuɗin buɗe fayil ta Orange Money ko MoMo kafin a kira ki gwaji, damfara ce, ko da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya a kanta.

Malam Sani, akanta, Garwa

Ban yarda da Musa ɗari bisa ɗari a kan cibiya ba. Mai koyo shi kaɗai yakan kauce wa abin da ya ba shi wuya, kuma ba mai nuna masa cewa jimlarsa ta tsallake layi uku. In ba za ki biya ba, to ki samu wanda ke aikin ofis ya riƙa duba fayil ɗinki duk mako, fayil ɗin kansa, ba hotonsa ba, don ya ga umarnin da ke cikin gidajen. Wata huɗu sun isa: na farko yatsu da Word a kan rahoton sitaj, biyu na tsakiya Excel, na ƙarshe Kobo da gwaji da agogo, minti 30 ga tebur ɗaya har bugawa. Wajen bugawar ki shiga Mise en page ki kwantar da takardar, ki zaɓi a daidaita faɗin a shafi 1, in ba haka ba ginshiƙin jimla zai fita shi kaɗai a takarda ta biyu. A CV kuma kada ki rubuta kin ƙware a Excel. Ki rubuta abin da kika iya da sunansa, RECHERCHEV, tableau croisé, publipostage, don a kansu za a gwada ki.